Mil Tamanin Na Addu'a, Daga Ikko Zuwa Badun

Babbar hanyar motar da ta tashi daga Ikko ta nufi Badun tsawonta kilomita 127 ne da 'yan kai, watau kimanin mil tamanin ke nan a lissafin da. In hanya ta yi kyau, direba mai hankali ba zai wuce sa'a ɗaya da rabi ba ya ƙure ta. Amma duk da gajartarta da wuya a sami wata hanya a Nijeriya wadda ta kai ta ɗaukar kaya, domin yawancin abin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa wanda za a kai Arewa ko Gabas ta nan yake bi, haka kuma shanu da tumatir da albasa da wake masu gangarowa daga Arewa ta nan suke shiga birnin. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ita ta buɗe ta cikin watan Agusta na 1978, a zamanin da ake ganin babu abin da zai gagari gwamnati mai kuɗin man fetur.

A cikin wannan shekara ce kuma, watanni huɗu kafin buɗe hanyar, aka yi wata taƙaddama a Ikko wadda har yau ƙurarta ba ta gama kwantawa ba. Majalisar da aka kafa don ta duba sabon tsarin mulki ta rabu biyu a kan maganar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Tarayya. Da aka ƙi amincewa, sai wakilai Musulmi da yawa, galibinsu 'yan Arewa, suka fice daga zauren cikin watan Afrilu, sai da Shugaban Ƙasa ya sa baki sa'an nan suka komo. A wancan zamani masana da yawa, na gida da na waje, suna ɗaukar irin wannan gardama ragowar tsohon zamani ce. A ganinsu, da zarar ilmin boko ya yaɗu, an shimfiɗa kwalta, an kai wutar lantarki ƙauyuka, to, addini zai koma cikin gida da ɗakin ibada, ya bar wa ma'aikata da 'yan siyasa fagen mulki. Wanda ya bi hanyar Badun yau da idonsa buɗe zai ga inda wannan lissafi ya kwana.

Matafiyi yakan bar Ikko ta Ojota, ya wuce inda ake kira Tolget, ko da yake tun farkon 2004 aka daina karɓar kuɗi aka rushe ƙofofin, sunan ne kawai ya rage. Da ya wuce Berger ya shiga Jihar Ogun ke nan, kuma abin da zai fara tarbarsa shi ne warin shanu da hayaƙin babbaka. Nan ne kasuwar Kara, a bakin kogin Ogun, inda Bahaushe da Bafillace da Babarbare suke sauke dabbobinsu. In Babbar Salla ta matso raguna sukan cika wurin har su tumbatso bakin kwalta, masu saye su jera motoci, hanya ta toshe tun daga nan har cikin gari. Wannan shi ne cunkoso na farko da addini yake jawowa a kan hanyar, kuma ya kamata a ambace shi tun da wuri, don kada mai karatu ya ɗauka ɓangare guda ne kaɗai yake tare wa jama'a hanya.

Daga Kara sai doguwar gada wadda ta ratsa fadama, daga nan kuma garuruwa suka jeru kamar carbi: Warewa, Arepo, Magboro, Ibafo, Aseese, Mowe. A 1978 yawancinsu ƙauyukan manoma ne, kurmi ya rufe tsakaninsu. Yanzu sun haɗe, cike da ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga Ikko, masu fita tun kafin asuba su komo bayan lisha. Dama da hagu manyan alluna ne, wani na sabulu, wani na wayar salula, amma da yawa na wa'azi ne: hoton mai wa'azi cikin kwat da matarsa a gefensa, da ranar taro, da alkawarin waraka, ko haihuwa, ko aikin yi. In zaɓe ya gabato hotunan 'yan takara sukan shiga tsakani, har baƙo ya rasa gane wane ne ke neman ƙuri'a, wane ne ke kira zuwa ga ceto.

Sansani na farko mai girma shi ne na cocin Mountain of Fire, wanda masu shi suke kira Birnin Addu'a. Dokta Daniel Olukoya ne ya kafa cocin a 1989, shi kuwa masanin kimiyyar ƙwayoyin halitta ne wanda ya yi digirinsa na uku a Ingila. An san mabiyansa da addu'a mai zafi, da ɗaga murya da girgiza jiki, ana yaƙar mayu da maƙiyan ɓoye. A harabar akwai jami'a da aka buɗe a 2015, kuma cocin har ƙungiyar ƙwallon ƙafa ya kafa, wadda ta zo ta biyu a gasar ƙasa a 2017. Can gaba akwai sansanin Deeper Life na Fasto William Kumuyi, wanda ya soma da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na mutum 15 a 1973, sa'ad da yake koyar da lissafi a Jami'ar Ikko. 'Yan boko ne na ƙin ƙarawa suka kafa wuraren nan, kuma daga cikin jami'o'in da aka ce za su rage wa addini ƙarfi suka fito.

Amma uwa-uba shi ne sansanin cocin Redeemed da ke kilomita na 46. Wani mutumin Ondo mai suna Josiah Akindayomi ne ya kafa cocin a Ikko a 1952, bayan ya bar ƙungiyar Kerubim da Serafim. Bai yi karatun boko ba, da Yarbanci yake wa'azi, mabiyansa kuwa talakawa ne. Da ya rasu a 1980 rassan cocin kimanin 40 ne. Wanda ya gaje shi a 1981, Enoch Adeboye, tafintansa ne, shi ma malamin lissafi ne mai digiri na uku, ya koyar a jami'o'in Ikko da Ilori. Shi ne ya jawo ma'aikatan banki da lauyoyi da 'yan kasuwa, ya kafa rassa masu wa'azi da Turanci da kiɗa irin na zamani, ya kuma sa burin kada kowa ya yi tafiyar da ta wuce ta minti biyar a ƙasa bai tarar da reshe ba. A 1983 aka tare a wannan kurmi, wanda a lokacin, in ji mutanen cocin, ba kowa cikinsa sai mesa da 'yan fashi.

Yau wurin gari ne sosai. Akwai tituna masu kwalta, da dubban gidaje, da makarantu, da asibiti, da rassan bankuna, da kasuwa, da ofishin 'yan sanda. Akwai ruwan famfo, akwai kuma tashar wutar lantarki mai aiki da iskar gas wadda cocin ya kafa don kansa. Jami'ar cocin nan ta fara a 2005 kafin a mai da ita Ede cikin Jihar Osun. Da tsohuwar rumfar taro ta yi kaɗan, sai aka shiga gina wata wadda aka ce in an gama za ta kai kilomita uku a tsawo, uku a faɗi. Ginshiƙin wannan duka shi ne ushiri, watau kashi ɗaya cikin goma na abin da mabiyi ya samu, da baiko, da gudummawar attajirai. Mutumin da yake zaune a Ibafo ko Mowe, wanda ya haƙa rijiyarsa da kansa, ya sayi janareto, ya haɗa kuɗi da maƙwabta suka zuba ɓaraguzai a layinsu, in ya leƙa cikin sansanin ya ga fitila tana ci dare da rana, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Mai neman sanin lokacin da al'amarin ya juya sai ya tsaya a kan 1986. A farkon wannan shekara labari ya fito cewa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigar da Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, abin da ya harzuƙa Kiristoci, ya kuma sa Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1976, ta zama mai faɗa a ji a harkar siyasa. A cikinta ne aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar Naira, albashi ya daina kai wata, aka rage ma'aikata, asibitocin gwamnati suka koma wurin rubuta magani kawai, malaman jami'a suka yi ta ficewa ƙasashen waje. A cikinta ne kuma, a watan Maris, Fasto Adeboye ya fara taron addu'a da ake kira na Ruhu Mai Tsarki. Mutumin da ya yi karatu, ya sami takarda, ya ga takardar ba ta ciyar da shi, dole ya nemi wata igiyar da zai kama. A Kudu da yawa suka kama ta sababbin coci-coci. A Arewa kuwa shekarun nan ne Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta bazu, ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi suka yi ƙarfi, wa'azin kaset ya shiga kowace tasha da kasuwa. Ciwo ɗaya ne, kowa ya nufi mai maganin da ya sani.

Yanzu taron nan Jumma'ar farko ta kowane wata ake yin sa, a kwana ana addu'a, ban da manyan tarurrukan Agusta da Disamba masu cin mako guda. Shekaru da dama, kafin a faɗaɗa hanyar, duk direban da ya san kan aikinsa yakan duba kalanda kafin ya ɗora kaya. Wanda ya taso da tumatir daga Kadawa ko Funtuwa, ya kwana biyu a hanya, in ya yi rashin sa'a ya iso Mowe daren taro, sai ya kashe mota ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, yana jin waƙoƙin yabo daga lasifika, kayansa suna ruɓewa. Mai naƙuda da mai jinya su ma haka suke jira. Jaridun Ikko sun yi ta kuka a kan wannan, amma hukuma takan taka a hankali, domin wanda ya tara irin wannan jama'a ba a yi masa tsawa.

Inda jama'a ta taru kuwa, nan ɗan siyasa yake. A watan Disamba na 2010, ana saura 'yan watanni zaɓe, Shugaba Goodluck Jonathan ya zo sansanin, ya durƙusa gaban Fasto Adeboye a bainar jama'a aka yi masa addu'a, hoton ya zaga ƙasa duka. A zaɓen na 2011 abokin hamayyarsa, Janar Muhammadu Buhari, wanda a Kudu ake yi wa kallon mai tsananin addini, ya ɗauki wani fasto, Tunde Bakare, mataimaki, amma bai yi nasara ba. A ƙarshen 2014 ya sake ɗaukar wani, Farfesa Yemi Osinbajo, lauya kuma fasto a cocin Redeemed. Wannan karon aka dace, Osinbajo ya yi shekara takwas yana Mataimakin Shugaban Ƙasa.

Abin da ya faru a watan Janairu na 2017 ya fi kowane hoto nuna nauyin wurin. Hukumar Tarayya mai kula da ƙa'idojin lissafin kuɗi ta fito da wata ƙa'ida wadda ta ce shugaban ƙungiyar da ba ta neman riba, har da na addini, kada ya wuce shekara 20 a kan kujera. Ranar 7 ga wata Fasto Adeboye, wanda a lokacin ya kusa shekara 36 yana shugabanci, ya ba da sanarwar naɗa wani ya riƙe cocin a Nijeriya, shi kuma ya ci gaba da shugabancinsa na duniya. Ranar 9 ga wata gwamnati ta sallami shugaban hukumar, ta dakatar da ƙa'idar. Ana iya gardama a kan ko ƙa'idar ta dace, kuma akwai hujja a wajen masu cewa gwamnati ba ta da hurumin yanke wa masu ibada wa'adin shugabansu. Amma duk wanda ya taɓa bin fayil ɗin fansho a ma'aikata ya san gwamnatin Nijeriya ba ta saba yanke magana cikin kwana biyu ba.

Sai dai fa kada a zarce a lissafi. Tara jama'a daban, juya ƙuri'arsu daban. A farkon 2022 cocin ya buɗe wani ofishi na musamman don harkar siyasa da mulki, mutane da yawa suka fassara shi da shirin mara wa Osinbajo baya, ko da yake cocin ya musanta. Da aka zo zaɓen fid da gwani na jam'iyyar APC a watan Yuni, Osinbajo ya tashi da ƙuri'a 235, Bola Tinubu ya sami 1,271, Fasto Bakare kuwa ko ɗaya bai samu ba, domin wakilan jam'iyya gwamnoni suke saurare. Tinubu, Musulmi, ya ɗauki Kashim Shettima, shi ma Musulmi, ƙasa ta ɗauki zafi. Aka yi ta magana a kan mumbari da bagade, a Kudu da Arewa, kowa yana nuna wa mabiyansa inda za su dangwala. A zaɓen Fabrairu na 2023 Tinubu ya lashe, ya kawo Ogun da Oyo, amma a Ikko, inda ya yi gwamna shekara takwas, Peter Obi ya kayar da shi da ratar ƙuri'un da ba su kai 10,000 ba. Uwargidan Tinubu kuwa, Oluremi, fasto ce a cocin Redeemed ɗin nan. Shekara 30 kafin wannan, a 1993, Cif Moshood Abiola da Babagana Kingibe, dukansu Musulmi, sun tsaya tare, Kiristoci da yawa suka zaɓe su ba tare da an kai ruwa rana ba.

Musulmin ƙasar Yarbawa ba su naɗe hannu suna kallo ba. Ba nisa da sansanonin nan, wajen Aseese, akwai filin ƙungiyar Nasrullahi Fathi, wadda aka fi sani da NASFAT. Wasu matasan ma'aikata, da yawansu na banki, suka kafa ta a Ikko a 1995, a daidai lokacin da 'ya'yan Musulmi suke zamewa zuwa tarurrukan coci don neman addu'ar biyan bukata. Sai suka sa nasu zaman zikiri da salati ranar Lahadi da safe, lokacin da ake shiga coci, kowa cikin fararen kaya, da ɗan littafin addu'o'i mai fassara, yadda wanda bai yi nisa a allo ba zai iya bi. Suna kwanan addu'a, suna taimaka wa matasa wajen neman sana'a, kuma a 2007 suka sami izinin buɗe jami'a a Oshogbo. A daren Lailatul Ƙadari filin nasu yakan cika ya batse, hanya ta tsaya cik kamar yadda takan tsaya daren Jumma'ar farko, manyan gwamnati kuma ba sa rasa zuwa gaisuwa. Wani malamin Arewa in ya ga tsarin zai iya taɓe baki ya ce wannan ai kwaikwayo ne. Amma dabarar tsohuwa ce a nan: tun 1923 aka kafa Ansaruddini a Ikko don a buɗe wa 'ya'yan Musulmi makarantun boko, kada neman ilmi ya raba su da addininsu. A ƙasar da ake samun liman da fasto uwa ɗaya uba ɗaya, kowa yana leƙa tukunyar ɗan'uwansa.

A mararrabar Shagamu hanya ta rabu, ɗaya ta yi gabas zuwa Benin da Onica, ɗaya ta miƙe Badun. Sunan Shagamu ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, saboda goro. Da can daga Gwanja fatake suke ɗauko shi a kan jakuna. Da aka shiga dasa shi a ƙasar Remo a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa da mota suka zo, sai ciniki ya juyo nan. Hausawa suka kafa unguwar Sabo, suna saye suna ɗaure huhu suna aikawa Kano da Sakkwato da Barno, aka haifi 'ya'ya masu Hausa da Yarbanci a baki ɗaya. A watan Yuli na 1999, mulkin farar hula bai cika wata biyu da komowa ba, aka yi bikin dodon Oro, wanda al'ada ta hana mace ta fito ta gan shi. Aka kashe wata mata Bahaushiya bisa zargin ta keta dokar, faɗa ya ɓarke, aka kashe mutane masu yawa, aka ƙone gidaje da rumfuna. Da waɗanda suka tsira suka isa Kano, sai ramuwa ta tashi a can a kan Yarbawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Shin dokar ibadar wani tana hawa kan wanda ba ya bin ta in sun haɗa titi? 'Yan watanni bayan haka Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a, aka sake yin wannan tambaya daga ɗaya ɓangaren, aka kuma zubar da jini a kanta a Kaduna a 2000.

Masu addinin gargajiya su ma sun gane wanda bai nemi rabonsa a wurin gwamnati ba ba a ba shi. Daga 2023 jihohin Ikko da Ogun da Oyo suka bi sahun Osun wajen ba da hutu cikin watan Agusta don ranar Isese, watau ranar addinin kakanni. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana Gwamnatin Tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na hukuma, amma bai hana ta rabo ba, sai rabon ya zama shi ne siyasar: hutu nawa, kujerun Makka nawa, na Urushalima nawa, kwamishina nawa.

Bayan Shagamu sansanoni sukan ragu, kurmi ya komo, sai Ogere, matattarar manyan motoci, inda tireloli da tankokin mai suke jeruwa a bakin kwalta, ga masu shayi, ga masu tsire, ga 'yan masallatan kwano. A nan ne ya kamata a yi maganar ita kanta hanyar, wadda ba ta da liman ba ta da fasto. Ta daɗe da lalacewa, ramuka suna cin rayuka, kafin a 2009 a ba wani kamfani ita na shekara 25 don ya gyara ya riƙa karɓar kuɗi. Aka soke yarjejeniyar a 2012 ba a yi abin kirki ba. A watan Yuli na 2013 Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da sabon aiki, aka ce shekara huɗu za a gama. Aka yi ta jan ƙafa saboda rashin kuɗi, har sai da aka zuba wani kaso na dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka maido a 2020. Shugaba Buhari ya sauka a 2023 da sauran aiki. A tsawon shekarun nan sansanonin da ke gefenta sun shimfiɗa nasu titunan, sun ja tasu wutar, sun yaye ɗalibai. Mutanen da suke ba da ushiri da sadaka da daɗin rai su ne masu jin ciwon biyan haraji, kuma ba za a ce ba su da dalili ba, tun da ɗayan suna ganin abin da aka yi da shi. Illar ita ce, fitilar sansani iyakarta katangar sansani. Har ila yau mai biyan haraji yana da ikon ya tambayi gwamna lissafi, ya kayar da shi a zaɓe in ya ƙi. Mai ba da sadaka kuwa, a coci ne ko a masallaci, ba kasafai yake da bakin tambaya ba.

Badun takan bayyana da rufin kwanonta masu tsatsa, shimfiɗe a kan tuddai iyakar ganin ido. Labarin da ya fi kusa da mai karatu a nan yana unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Zamanin Turawa hukuma ce take riƙe da unguwar: ita ta amince da Sarkin Hausawa, ita take tsare masa ikonsa, da wannan iko kuma fatomai suke riƙe cinikin shanu da goro, wanda duk a kan amana da bashi yake tafiya. Da siyasar jam'iyyu ta zo a farkon shekarun 1950, mulki ya fara komawa hannun 'yan ƙasa, sai wannan gata ya janye. A daidai lokacin ne ɗariƙar Tijjaniyya, bisa tafarkin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, ta game unguwar cikin ɗan lokaci. Mutanen Sabo suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsai da tasu Jumma'ar, masu gida da yaransu suka shiga ƙarƙashin muƙaddamai, ana haɗuwa wazifa kullum da yamma. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya nuna a littafinsa na 1969 cewa wannan haɗuwa ta yau da kullum ita ta maye gurbin hukumar da ta janye. A sahu ake sanin wanda ya ci amana, ta bakin malamai kuma ake tsai da shawarar da ta shafi unguwa duka. Ba wanda zai ce mutanen Sabo ba don Allah suka yi ba. Amma abin da ya same su, shekara 30 kafin a sare itace na farko a kilomita na 46, shi ne ya sami ma'aikatan Ikko daga baya.

Babbar hanyar takan ƙare a Ojoo, arewacin birnin, inda motocin Arewa suke shan mai su ɗauki hanyar Oyo da Ogbomosho da Ilori, su haye kogin Kwara a Jebba. Garin Oyo, mazaunin Alafin, bai fi tafiyar sa'a guda daga nan ba. A ƙarshen 2024 wata ƙungiyar Musulmi ta ba da sanarwar za ta buɗe zauren sasanci na Shari'a a garin ranar 11 ga Janairu, 2025, don duba al'amuran aure da gado tsakanin Musulmin da suka kawo kansu. Irin wannan zaure yana zama a Badun da Ikko tun farkon shekarun 2000, ba shi da ikon tilasta wa kowa. Duk da haka ƙura ta tashi a jaridu da intanet, wasu ƙungiyoyin Yarbawa da na Kiristoci suka ce ba su yarda ba, shugabannin Musulmi suka ce haƙƙinsu ne, gwamnan jihar ya sa baki, aka ɗage bikin. Da yawa daga cikin masu gardamar ba a ma haife su ba sa'ad da wakilai suka fice daga zauren majalisa a Ikko a 1978.